Kwana Bakwai na Baki-lauje

Lahadi, 15 ga Oktoba, 6:50 na safe

Sanda: 112.

Na rubuta lambar ne don shekara shida ke nan ina rubuta ta kowace safiya, ba don akwai mai son ji ba. Sandar tana nan inda na kafa ta a gindin giyayya, bakin fadamarmu, da zanen jan fenti a kowane santi goma. In ruwa ya sauka ƙasa da 40, ƙasa ta isa dashe. Ran 2 ga wata 36 ta nuna. Da idona na gani. Na goge lakar da hannun riga na sake dubawa.

Gida goma sha huɗu muka dasa albasa a kan maganata, ni Abdulƙadiri, sakataren ƙungiya, mai littafi da biro. Na ce mu riga kowa shiga kasuwar Achida bana. Ran Alhamis da ta wuce ruwa ya dawo. Ko ɗigo ba a yi a nan ba. Wasu sun ce sakin shi aka yi daga dam da ke can sama, wasu sun ce can arewa aka yi mamako. Ban sani ba. Abin da na sani, fangalina talatin da biyu suna ƙarƙashin kogin Rima, kuma ba ni na kira shi ba.

Matata Surayya tana gidansu tun ran Juma'ar da aka yi taro kan maganar dashe. Ta ce Inna ba ta jin daɗi. Jiya na wuce ta bayan gidan, na ji Inna tana daka, har da luguden da ta saba.

Talata, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Sanda: 98.

Habi ta zo. Tun da mijinta ya rasu ita ke noman fangalinsa goma sha biyu, kuma irin da ta zuba bana duka ta cire ta dasa, ko tsinke ba ta rage ba. Ta ajiye kwano a ƙofar zaure. Ruɓaɓɓen iri ne, baƙi, yana wari.

Ta ce, "Sakatare, ga albasarka. Ka auna ta da sandarka ka gani ko ta isa kai kasuwa."

Na ce, "Habi, ruwa na Allah ne."

Ta ce, "Ruwa na Allah na, baki naka na. Ni ban yi boko ba. Kac ce a dasa, nid dasa."

Na so in nuna mata shafin ran 2 ga wata. Har na ɗauko littafin. Ta dube shi kamar yadda ake duban kashin kaji a tabarma, ta juya.

Ba wanda na ɗaure wa igiya a wuya. Kowa da ƙafarsa ya shiga fadama. Da albasar ta yi, da yanzu kowa na cewa shi ma dama ya yi wannan tunanin.

Kwanon yana nan. Ba zan mayar mata ba, ta aiko a ɗauka.

Laraba, 18 ga Oktoba, 7:00 na safe

Sanda: 89. Ba wanda ya gaishe ni a hanya sai kurma.

Juma'a, 20 ga Oktoba, 8:15 na safe

Sanda: 74.

Ina karin kumallo ƙanena Mu'azu ya leƙo, yana ta murmushin nan nasa da ke sa mutum ya so ya mare shi.

"Yaya, baƙonka ya zaka."

"Wane baƙo?"

"Wanda bai yi sakandare ba. Su ukku na. Guda ma kusa ga sandarka yat tsaya, shina leƙen ta. Ina jin bitar aikinka shikai."

Na je. Rabin gari na can tsaye a kan gaɓa, har da mata, kamar an kawo amarya. Ga su kuwa a cikin laka. Baki-lauje. Tsuntsu ƙasa-ƙasa, bai kai zabo jiki ba, ƙafafu dogaye, baki ya fi kan tsawo sau uku, a lanƙwashe. Yana tafiya yana soka shi cikin taɓo yana zarowa, ba ruwansa da kowa. Da ya yi kukan nan nasa mai kama da sarewa, wata tsohuwa har da guɗa.

Bari in rubuta ƙa'idar yadda take, don in ga ko a takarda za ta yi kama da hankali. Mutanenmu ba su dashe a kwari sai Baki-lauje ya sauka ya cika safiya bakwai. In ya tashi kafin bakwai, ruwa na nan tafe, sai a jira ya dawo a sake ƙirga daga ɗaya. Mai ƙirgar kuwa Baba ne, mahaifin Surayya, kamar yadda mahaifinsa ya yi.

Mu'azu ya taɓa nuna min a waya cewa daga ƙasashen ƙanƙara tsuntsun nan yake zuwa, tafiyar da ko mota sai ta yi makonni. To mi ya sani game da Rima? Wa ya gaya mishi abin da ake yi a bakin dam? Tsutsa yake nema. Tsutsa kawai.

Baba yana can gefe da carbi. Bai dube ni ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya, mutane suka ce, "Ɗaya."

Ran taro ma Baba ya ce baƙo bai zo ba tukuna, a dakata. Abin da na mayar mishi ba sai na rubuta ba. Kowa ya ji.

Lahadi, 22 ga Oktoba, bayan azahar

Sanda: 61. Uku, in ji su.

Bayan sallah Baba ya miƙe a ƙofar masallaci. Ba ya ɗaga murya, shi ya sa kowa ke yin shiru.

Ya ce, "Iri na nan bisa tudu, nawa da na ɗiyana. Ya hi ƙarhinmu. Duk wanda ruwa yac ci ma, shi zaka shi cira, ba a biɗar komi gare shi. Amma ba a taɓa min shi sai baƙo ya cika bakwai."

Aka yi ta Allah ya saka. Habi daga bayan katanga tana ta sa albarka har muryarta ta dishe.

Kowace shekara Baba yana zuba iri fiye da abin da zai dasa. Kowace shekara nakan ce wa Surayya ɓarna ce. Akwai shi a rubuce, bara ran 19 ga Satumba: "Ɓarnar iri."

"Duk wanda ruwa yac ci ma." Ni ma ke nan. In tafi da kwando, in tsuguna a lambunsa, gaban surukaina, in cira. Da zagi ya yi min da ya fi min sauƙi. Mutum ya zage ka, ka san inda za ka tsaya.

Na lissafa. Ran 20 ga Satumba ya zuba irin. Mako bakwai ne iyakarsa, 8 ga Nuwamba ke nan. In ya wuce haka sai ya yi wuya, a dasa ya yi ta ganye ba kai. Akwai lokaci. Ran Alhamis za su cika bakwai ɗinsu, su yi dashe, albasa ta yi, daga nan har jikokina za a riƙa ba da labarin shekarar da tsuntsu ya ka da Sakatare.

Litinin, 23 ga Oktoba, 5:30 na yamma

Sanda: 55. Huɗu.

Yara sun yi waƙa. Ba zan rubuta ta ba. Akwai sanda a ciki.

Na sauko da bindigar toka ta mahaifina daga bayan rumbu. Tsatsa ce nake dubawa. Kaya in an bar shi lalacewa yake yi.

Talata, 24 ga Oktoba, 9:40 na safe

Sanda: 50.

Na fita da wuri, kafin mutane. Masu shinkafa a ƙetare suna ta harbi tun asuba suna korar tsuntsayen jan-baki, ƙara ɗaya ba ta fita daban.

Na dawo ta bayan gari. Kafaɗata ta dama tana ciwo.

Ba abin rubutawa.

Talata, 2:00 na rana

Ba abin rubutawa, na ce.

Laraba, 25 ga Oktoba, 7:10 na safe

Sanda: 46.

Babu su. Jiya ma da mutane suka isa ba su same su ba. Baba ya tsaya har rana ta take, yana duban gabas da yamma, sannan ya ce, "Sun tashi ga biyar. Ruwa na tahe. Kowa shi janye injinai bisa."

An kwashe injinan ban-ruwa an kai tudu. Masunta sun ja jiragensu sun ɗaure a giyayya. Manya da gemu, suna gudun ruwan da ba shi.

Na tsaya ina kallo. Na ɗauka daɗi zan ji.

Alhamis, 26 ga Oktoba, 7:00 na safe

Sanda: 42. Babu.

Juma'a, 27 ga Oktoba, bayan la'asar

Sanda: 39. Ƙasa da arba'in.

Na yi magana a majalisa, gindin durumi. Na ce ruwa sauka yake yi kullum, santi uku, santi huɗu, ga shi a rubuce. Na ce ƙasa ta isa dashe, iri kuma tsufa yake yi.

Wani daga baya ya ce, "Wancan karon ma haka tac ce."

Aka yi dariya. Wani ya ce, "Sakatare, wagga sanda taka, ka ba makaho ita, ko ta yi amfani."

Na ce to ku zauna. Ku zauna ku jira tsuntsu ya aiko muku da takarda. Na tashi na bar musu wurin, har na manta takalmina ɗaya, sai Mu'azu ya biyo ni da shi.

Jahilci ne. Ba shi da wani suna. Gari guda, da malamai da alhazai, an rataya abincin shekara a ƙafar tsuntsu. In shaho ya kore shi fa? In kare ne? In wani abu ne daban? Ba wanda ya tambaya. Ba wanda ya ce, shin mi ya tashe su? Tambaya ɗaya. Da sun yi ta da...

Amma gaskiya ne, ran 2 ga wata ma 36 ta ce. Na buɗe littattafan shida duka na bi su layi-layi. Sanda ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Jiya da yau take faɗi. Gobe ce ba ta sani ba, ni na ƙara mata wannan da bakina.

Asabar, 28 ga Oktoba, 6:55 na safe

Sanda: 36. Babu.

Lahadi, 29 ga Oktoba, 4:30 na yamma

Sanda: 34. Babu.

Mu'azu ya zo aron galma. Ya shiga bayan rumbu ya daɗe. Da ya fito babu galma a hannunsa, babu murmushi.

"Yaya, bindigar tsoho warin albarushi takai."

"Gwada ta na yi."

"Ga mi?"

Na ce ya fita min daga gida.

Bai fita ba. Ya zauna a kan turmi. Ya ce, "Ka san Habi ta aika Marnona, wajen wanta? Tac ce in bana ta wuce ta, ba ta iya riƙon gonar. Ƙanen mijinta za ta bar ma, ta koma gidan wanta da ɗiyanta huɗu."

Na ce ni na aike ta?

Ya ce, "Wallahi Yaya, kai ka hi kowa ilimi cikin gidanmu. Ni ko aji ukku ban gama ba. Amma ban taɓa ganin wanda yay yi hushi da madubi yah harbe shi ba sai kai."

Na ɗaga hannu. Ƙanena, mai mata da 'ya'ya uku. Bai kauce ba. Na sauke.

Ya ce, "Ni ba ni hwaɗi. Ba bakina na ba." Ya tafi.

Wa ya sa shi shiga bayan rumbu? Galma a zaure take, ya sani.

Litinin, 30 ga Oktoba, 7:05 na safe

Sanda: 32. Babu. Na zagaya har mashigin Boyekai ko sun sauka can. Babu.

In sun dawo jibi, bakwai za ta cika daidai ran 7. Za su iya dawowa. Biyu ai suna nan da ransu.

Na rubuta "biyu". To, na rubuta.

Talata, 31 ga Oktoba, 1:20 na rana

Sanda: 31. Babu.

Na haɗu da Surayya a hanyar injin niƙa. Kwana talatin da biyu. Ta rame, ko ni ne na ga haka.

Ta ce, "Malam, ina wuni."

Na ce, "Jikin Inna fa?"

Ta ce, "Ka san lahiyarta lau." Ta gyara kwanon da ke kanta. "Baba na ba ya cin abinci. Kullum shina lambu shina shafa iri. Shina cewa shi yas sa mutane jira, in iri ya tsuhwa bisa wuyanai na."

Na ce, "Sai ya ba da izni a dasa mana."

Ta ce, "Bayan abin da ruwa yay yi muna? In yac ce a dasa ruwa ya sake zakkuwa, wa ke da wani iri? Daga nan har Wurno babu." Ta dube ni. "Mi as same ka ga kahwaɗa?"

Na ce faɗuwa na yi.

Laraba, 1 ga Nuwamba, 6:40 na safe

Sanda: 30. Babu.

Yau ce rana ta ƙarshe da lissafinsu zai iya fita. Bai fita ba.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, 11:00 na safe

Sanda: 28.

Zan rubuta, tunda ba mai karantawa.

Ran Talatar nan na kwanta a cikin ciyawar burgu, taki kamar ashirin. Nufina in tsorata su. Haka nake gaya wa kaina. Amma wanda ke son tsoratarwa sama yake harbi, ni kuwa sai da na daidaita. Biyu suka tashi suna kuka, suka yi kudu. Ɗaya ya yi ta juyi a laka. Kafin in isa ya mutu, ko yanka ban samu yi ba. Mushe na yi.

Da na ɗaga shi ba nauyi. Ƙashin ƙirjinsa kamar bakin wuƙa. Duk wannan tafiya, kwana huɗu kawai ya samu yana ci. Rula na cikin aljihuna, ban san mi ya sa ba na auna bakin. Santi goma sha uku. Na rufe shi a gindin giyayya, taki biyu daga sanda.

Tun safe nake juya yadda zan faɗa. Sai na gane ko na faɗa ba za su yarda ba. Za su ce Sakatare ne, zai iya cewa komi don a bi sandarsa. Na kai inda ko laifina na faɗa sai na kawo shaida.

Na ɗauki fartanya.

Kuma ga abin da na ce ran taro, gaban mutum sittin, ga mahaifin matata: "Baba, da kai da tsuntsunka duk kun tsufa. A bar masu karatu su yi magana."

Juma'a, 3 ga Nuwamba, bayan la'asar

Sanda: 27.

Bayan an sauko Juma'a na tarar da su a gindin durumi. Na cire takalmi na tsuguna gaban Baba, na ajiye ƙunshin gawar tsuntsun a kan tabarma na kwance. Kwana goma da mutuwa. Na kusa suka toshe hanci. Amma bakin yana nan yadda yake, ba mai cewa na wani tsuntsu ne.

Na ce, "Ba ruwa ya tashe su ba. Ni ne. Ran Talata, da bindiga."

Na shirya magana mai tsawo, har da dalilai uku. Ba ta fito ba.

Wurin ya kaure. Wani ya ce a kai ni gun hakimi. Wani ya ce a karɓe littafin ƙungiya yanzu-yanzu. Na ji muryar Habi daga bayan katanga: "Kwana goma! Kwana goma shina kallonmu muna jiran gawa!" Ban ɗaga kai ba. Ina jin haushinsu har a lokacin, Allah ya sani, ina jin haushin kowa, amma gaskiya ta faɗa.

Baba ya sunkuya. Ya sa yatsa ya shafa bakin daga gindi har tsini. Ya ja tsumman ya rufe.

"Abdulƙadiri."

"Na'am, Baba."

"Sandarka mi tac ce yau?"

Na ɗauka ba'a ce. Na dube shi. Ba ba'a ba ce.

"Ashirin da bakwai."

"Jiya hwa?"

"Ashirin da takwas."

Ya ja carbinsa. Ya ce, "Baƙo ya yi biyar da kainai, bai ga abin gudu ba. Biyun da sunka rage bisa wuyanka suke. Gobe a dasa." Aka fara surutu, ya ɗaga hannu. "Ba shi sanin gaibu, ni ma ban sani ba. Ido na dai, guda cikin idanunmu, kuma an tsone shi. Wanda yat tsone shi, shi za ya tsaya wurinai. Kullum da sahe, kahin kowa, ka zaka ka hwaɗa min abin da kag gani. Abin da kag gani kaɗai. Ban da abin da kake tsammani."

Na ce, "Baba, maganar ran nan..."

Ya ce, "Wannan ba ta majalisa ba ta. Ɗauki baƙo ka maishe shi inda kat tono shi."

Asabar, 4 ga Nuwamba, 6:10 na yamma

Sanda: 26. Na kai wa Baba lambar a ƙofar gida. Ya ce "To", ya shige.

An fara dashe. Ba wanda ya ce in fara da na Habi, amma ba wanda ya yi mamaki da ya gan ni a can. Tana tsaye a kaina tun safe.

"Ka cika nisa. Albasa ta, ba rogo ba."

Na matso da su.

"Yanzu kuma ka cushe su. Ina rular taka?"

Mu'azu yana fangalin gaba yana dariya har da riƙe ciki. Fangali tara muka gama. Saura uku, sannan nawa, in iri ya rage. An karɓe littafin ƙungiya. Bayana kamar zai karye.

Da rana an kawo tuwo daga gidan Baba, na masu aiki duka. Kwanona daban, da yajin da nake so. Ba saƙo.

Ruwa zai iya dawowa. In ya dawo, ba wani iri, kuma kowa ya san wuyan da abin ke kai.

Lahadi, 5 ga Nuwamba, 6:15 na safe

Na ja sabon layi a littafina, kusa da na sanda.

Sanda: 25.

Baki-lauje: babu.

Na tsaya har rana ta fito ina duban kudu. Sannan na tafi na faɗa wa Baba abin da na gani.